Awo Kafin Guduma: Yadda Ake Gano Yoyon Ruwan da Ya Ɓuya a Cikin Gida



Yoyon ruwa a gida iri biyu ne. Akwai na fili, irin kan famfon da ke ɗiga a tsakar gida, wanda kowa ya wuce zai gan shi, ko ba a gyara ba a ɗaure shi da roba. Akwai kuma na ɓoye, wanda ke cikin bango, ko ƙarƙashin tayil, ko a bututun da aka binne daga gindin tanki zuwa banɗaki. Shi ne zan yi magana a kansa yau, domin shi ke shekara yana cin dukiyar mai gida ba tare da an taɓa jin motsinsa ba. Abin da nake so in tabbatar muku guda ɗaya ne: ɓoyayyen yoyo da awo ake kama shi, kuma awon farko aikin mai gida ne, tun kafin a kira mai gyara, tun kafin a ɗora guduma a kan bango. Duk gidan da ke da tanki ko mita yana da kayan wannan awo a hannunsa, abin da ya rage kawai shi ne a san yadda ake karanta su.

Mu fara da girman ɓarnar, domin mutum ba ya neman abin da bai ɗauka da muhimmanci ba. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa famfon da ke ɗigar da ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da sama da lita 11,000 a shekara, wato fiye da jarka 440 mai cin lita 25. Ta kuma ce matsakaicin gida a ƙasar yana asarar kusan lita 38,000 a shekara ta hanyar yoyo, kuma gida 10 cikin kowane 100 yana zubar da lita 340 ko fiye a kullum. Waɗannan alƙaluman nasu ne, kuma ruwansu ya fi namu ƙarfin tura, saboda haka mu yi namu lissafin. A ɗauki tankin da ke kan ƙarfe mai tsawon mita 5, a ce bututun da ya sauko daga gare shi ya sami huda mai faɗin milimita 1, kamar kaurin allurar ɗinki. Lissafin injiniyoyi ya nuna wannan 'yar huda za ta fitar da kimanin lita 17 a awa ɗaya, wajen lita 400 ke nan a dare da yini. Jarka 16 ce kullum. A shekara, tanki mai cin lita 2,000 ne aka cika sau 73 aka tuttular a ƙasa. Lokacin da birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya shiga matsanancin fari a 2018, lita 50 aka ƙayyade wa kowane mutum a rana. Ashe huda mai kaurin allura tana shanye rabon mutum 8. Da yayyafi kogi kan cika, kuma da ɗigo tanki kan ƙare.

Me ya sa irin wannan asara take ɓuya mana? Amsar tana cikin yadda muke gini da yadda muke samun ruwa. Muna sassaƙe bulo mu cusa bututu, mu shafe da siminti, mu manna tayil, sau da yawa tun ba a taɓa sakin ruwa a cikinsa an gani ba. In an yi sauri wajen shafa gam a mahaɗa, ko an gasa bakin bututun roba a wuta don a cusa wani a ciki maimakon a sayi mahaɗin da ya dace, to an binne matsala tare da aikin. Tsohon bututun ƙarfe yana fara tsatsa ne daga zaren mahaɗarsa. Bututun roba da aka bari a rana yakan bushe ya yi gautsi. Ƙasa mai laka tana kumbura da damina ta tsuke da rani, kowace shekara tana jan bututun da ke cikinta har gwiwarsa ta saki. Wani lokaci ƙusa ce kawai da aka buga don rataye madubi. Sannan ruwan da ya fita ba ya tsayawa a gan shi, ƙasa ce ke shanye shi. Abu na biyu shi ne ruwanmu ba kullum yake zuwa ba. In tanki ya ƙare da wuri, kowa yana da wanda zai ɗora wa laifi: yara sun yi wasa da ruwa, an yi wanki da yawa, wuta ba ta daɗe ba injin bai cika tankin ba. Bayanin da ya fi kusa da hannu shi ake ɗauka, bututun da ke cikin bango kuwa ba wanda ke tuhumarsa.

Hanyar da nake kira gare ta tsohuwa ce, kuma an jarraba ta a babban gari tun kafin a zo gida. A shekarun 1870, birnin Liverpool na Ingila yana ba da ruwa ne na 'yan awanni a rana, kamar yadda muka saba gani a nan. Injiniyan birnin, George Deacon, ya ƙirƙiro wata mita da ke rubuta yawan ruwan da ke shiga unguwa awa bayan awa. Hujjarsa mai sauƙi ce: da tsakar dare kowa yana barci, ya kamata ruwa ya kusan tsayawa cik, don haka duk abin da ke gudu a lokacin asara ce. Ma'aikata suka riƙa fita da dare suna rufe bawul titi bayan titi, suna duba inda gudun ya ragu, sannan su bi gida gida da sandar saurare. Da aka toshe wuraren da ruwa ke zurarewa, birnin ya koma ba da ruwa dare da rana. Har yau kamfanonin ruwa na duniya a kan wannan ƙa'ida suke, suna auna gudun ruwa wajen ƙarfe 2 zuwa 4 na dare. Matakai uku ne ke cikinta, kuma a jere suke: a auna don a san ko akwai yoyo, a raba layuka don a san ɓangaren da yake, sannan a matso kusa don a san daidai wurin. Fasa bango shi ne na ƙarshe.

Ga yadda mataki na farko yake a gida. Wanda ke da mita, kamar yawancin masu famfo a Yamai, Maraɗi da Damagaram, ya jira lokacin da ruwa ke zuwa sosai, ya rufe kowane famfo, ya gargaɗi mutanen gida kada a taɓa ruwa, ya rubuta lambar da ke kan mitar, ya dawo bayan awa 2. In lambar ta matsa, akwai inda ruwa ke fita. Yawancin mitoci suna da 'yar ƙaramar alama mai kamar tauraro da ke juyawa ko da ruwa kaɗan ne ke wucewa, kuma minti ɗaya na kallonta ya isa ya ba da labari. Wanda ba shi da mita kuwa, tankinsa shi ne mitarsa. Bayan sallar isha'i, a cika tanki, a kashe injin, a rufe bututun da ke kawo ruwa. A buɗe murfi a tsoma busasshiyar sanda mai tsabta har ƙasa, a fito da ita a yi zane da biro daidai inda jiƙar ta tsaya. A ɗebi ruwan alwala da na banɗaki a bokiti tun da dare, don kada wani ya buɗe famfo. Da asuba a sake tsoma sandar. Tankin da faɗinsa ya kai mita 1, kowace santimita ɗaya da ruwa ya sauka kusan lita 8 ce. In aka tarar ya sauka da faɗin yatsu huɗu, wajen santimita 7, to an yi asarar sama da lita 50 a dare guda alhali kowa na barci. Daga nan magana ta bar zato, ta koma lamba.

Mataki na biyu shi ne rabawa. A maimaita awon a dare na gaba, amma a rufe bawul ɗin da ke gindin tanki. In ruwan ya sake sauka, laifin na tankin ne kansa, ko ya tsage ko mahaɗar gindinsa ta saki. In bai sauka ba, yoyon yana gaba, sai a buɗe layi ɗaya a rufe sauran, yau na kicin, gobe na banɗakin waje, har a ware mai laifin. Kafin a zargi bango, a fara da masai na zamani, domin shi ne ya fi kowane abu satar ruwa a gidajen da ke da shi. A cikin ƙaramin tankinsa akwai roba da ke toshe ƙofar ruwa, in ta tsufa ko datti ya maƙale mata, ruwa zai riƙa silalewa cikin kwanon siriri, ba ƙara, ya wuce sokawe dare da rana. A ɗiga bular wanki ko ɗan ruwan zoɓo a cikin tankin masan, kada a ja ruwa, a jira minti 10 zuwa 15. In launi ya bayyana a kwano, an kama ɓarawon, kuma maganinsa roba ce ta kuɗi kaɗan. A duba kuma ƙwallon da ke tsayar da ruwa in tanki ya cika, na sama da na masai, domin in ya lalace ruwa yakan yi ta ambaliya ta bututun rara a lokacin da ba mai gani. Sokawen da ke cika da wuri ba tare da an ƙaru a gida ba, shi ma shaida ne.

Sai a mataki na uku ido da kunne suke da aiki. Da rani tsakiya, in aka ga ciyawa ta yi kore shar a wuri ɗaya a tsakar gida alhali ko'ina ya bushe, ko gara ta yi gini a gindin bango ɗaya, ko fenti ya kumbura yana ɓarewa, ko wani farin gari kamar kanwa yana fitowa a jikin filasta, ko tayil ya fara amsa kuwwa in an ƙwanƙwasa shi, ko ɗaki yana warin danshi kullum, to a bi sawu. Da dare in gari ya yi tsit, a ɗora bakin dogon sukundireba a jikin bututu ko kan famfo, a manna mariƙinsa a kunne. Ruwan da ke kutsawa ta ƙaramar huda yana yin wani siririn huci, kuma yana ƙara ƙarfi in an matso kusa da shi. Amma a kiyaye abu biyu. Ruwan tanki ba shi da ƙarfin tura sosai, saboda tsawon mita 10 ne ke ba da abin da injiniyoyi ke kira “bar” ɗaya a ma'aunin ƙarfin tura ruwa, tankunanmu kuwa galibi ba su kai haka ba, don haka rashin jin huci ba ya wanke bututu. Na biyu, ruwa yana bin jikin bututu da ramukan bulo ya yi tafiya kafin ya fito. Inda jirwaye ya bayyana sau da yawa ƙarshen tafiyar ne, mafarinta yana sama ko gefe. Wanda ya fasa daidai kan jirwaye ba tare da ya bi layin bututu zuwa mahaɗa mafi kusa ba, zai iya fasa rabin banɗaki bai sami komai ba.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa. Na farko zai ce: rijiyar burtsatse gare ni, ba na biyan kowa kuɗin ruwa, abin da ya zuba ma ƙasa ya koma. Gaskiya ne ba a kawo masa takardar biya, amma yana biya ta wata ƙofa. Kowace lita da ta zube sai da injin ya ɗago ta daga zurfin ƙasa zuwa saman tanki, da wutar lantarki ko man janareta, kuma tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da awa ɗaya ta janareta take ci. Mai sola ma injinsa yana da iyakar kwana, kuma aikin banza yana rage su. Batun komawa ƙasa kuwa, ruwan ba ya komawa inda aka ɗebo shi, yana taruwa ne a gindin gini. Yana tausasa ƙasar da harsashin gida ke zaune a kai, yana sa rodi tsatsa, rodin da ya yi tsatsa kuma yana kumbura ya tsaga kankare. Gidan ƙasa ya fi shiga haɗari, domin gindin bangon da ya jiƙe ba ya jiran damina kafin ya zauna. Sannan birni irin Kano a kan dutse yake zaune, ruwan ƙarƙashinsa yana cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagogi ne, ba teku ba ne. Maƙwabta daga tushe ɗaya suke ja. Wanda ke zuƙo lita 400 ta banza kullum, yana da hannu a ƙafewar rijiyar maƙwabcinsa a watan Afrilu.

Na biyu zai ce: me ɗigon gidana zai ƙara, alhali manyan bututun hukuma suna fashe a kan titi ruwa na malala mako guda? Wannan ƙorafi yana da tushe. Wani rahoton Bankin Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa sama da mita kubik biliyan 32 na tataccen ruwa ne ke zurarewa daga bututun birane a duniya kowace shekara, kuma haƙƙinmu ne mu matsa wa hukumomi su gyara nasu. Sai dai fashewar bututun titi ba ta rage wa mai gida ko kwabo daga asarar da ke cikin gidansa. Akwai kuma abin da ya fi asara muni. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: hudar da ruwa ke fita ta cikinta lokacin da famfo ke zuwa, ta nan ƙazanta ke shiga lokacin da aka ɗauke shi. In bututu ya zama fanko yakan zuƙo abin da ke kewaye da shi, kuma mun san yadda ƙananan bututun da ke shiga gidaje suke ratsa kwata, wasu suna wucewa dab da shadda. Ruwan da aka tace a matatun ruwan Kano na Tamburawa ko Challawa zai iya barin matata da tsabtarsa ya gurɓace a taku goman ƙarshe kafin randa. A 2021 Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Najeriya ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, sama da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Hanyoyin yaɗuwar cutar suna da yawa, amma gurɓataccen ruwan sha yana kan gaba, kuma wannan ƙofa ce da mai gida ke da ikon rufewa da kansa.

Na uku zai ce: wannan aikin ƙwararru ne masu na'ura, kuma danshin bango ai ba dole ne daga bututu yake ba. Rabin maganarsa daidai ne. Akwai na'urar da ke ƙara sautin yoyo, akwai kyamarar da ke nuna bambancin zafi da sanyi a jikin bango, kuma a babban gini ko dogon layin da aka binne ana bukatarsu. Haka kuma danshi yana iya tasowa daga ƙasa da damina, ko daga rufin da ke zuba, ko daga ruwan wanka da ke bi ta tsakanin tayil. Amma wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa awo ya zama na farko. Danshin damina yana zuwa da ruwan sama ya tafi da hunturu, kuma ba ya rage ruwan tanki. Danshin bututu bai san rani ba bai san damina ba, kuma sandar awo tana tona masa asiri. Tankin da ke rufe ba ya ƙafewa cikin dare da abin da za a gani a sanda, kuma wanda ke shakka ya maimaita dare biyu ko uku. Mai gidan da ya ce wa mai gyara, “Layin banɗakin baya ne, lita 50 yake sha a dare,” ya rage masa rabin aiki, ya kuma rage wa kansa kuɗin tayil.

Na huɗu shi ne ɗan haya da ke cewa gidan ba nasa ba ne, da mai gidan da ke cewa ba shi ke shan ruwan ba. A tsakanin waɗannan biyun ne yoyo ya fi daɗewa. Amma dukansu suna asara, ɗaya a kuɗin mai da na ga-ruwa, ɗayan a bangon da zai gyara nan gaba da ninkin kuɗin yau. Abin da ke hana su daidaitawa shi ne rashin shaida, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne ke son ɗora masa nauyi. Zane biyu a jikin sanda, na dare da na asuba, shaida ce da za a iya nuna wa kowa, har mai unguwa in ta kai ga haka.

Ga masu gini da masu aikin famfo, roƙona uku ne. Kada a shafe bututu da siminti sai an toshe bakunansa an matsa masa ruwa da famfon gwaji, fiye da ƙarfin da zai yi aiki da shi, an ga allurar ma'aunin ta tsaya ba ta sauka. A sa wa kowane banɗaki da kicin bawul nasa, domin gidan da ke da bawul ɗaya tak ba a iya raba layukansa. Sannan a ɗauki hoton kowane bango da waya kafin a yi filasta, a ajiye tare da takardun gida. Bayan shekara goma, wannan hoto shi zai nuna inda za a fasa tayil biyu maimakon ashirin.

Jama'a, mun taso muna jin malamanmu suna karantar da cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu guda na ruwa, abin da bai kai lita ɗaya ba, kuma an hana almubazzaranci ko a wajen ibada. Mutumin da ke tattalin ruwan butarsa alhali lita 400 tana bin ƙarƙashin ɗakinsa kullum ba shi da laifin abin da bai sani ba, amma daga yau hanyar sani tana hannunsa, kuma ba ta bukatar komai sai sanda da biro da dare ɗaya. Ina roƙon kowane magidanci da kowace uwar gida da ke nan su gwada a daren yau, su kuma mayar da shi al'ada sau biyu a shekara, farkon rani da ƙarshen damina. In ruwan bai sauka ba, an kwana da kwanciyar hankali. In ya sauka, an gano shi tun yana aikin roba da gam, bai kai ga aikin magina ba.

Allah ya albarkaci ruwanmu, ya tsare mana gidajenmu da lafiyar iyalanmu.